Ƙarin Haraji A Kan Mawadata: Sharuɗɗan Da Shari'a Ta Gindaya

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya raba arziki tsakanin bayinsa bisa ga hikimarsa, domin ya jarraba mawadaci da wadatarsa, ya jarraba matalauci da talaucinsa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako za mu duba wata mas'ala wadda ta daɗe tana ta da ƙura a jihohin ƙasar Amurka, watau ƙara haraji a kan masu samun kuɗi da yawa. Ko da yake ƙasar tana da nisa, kuma ba da shari'ar Musulunci ake mulkinta ba, tambayar da ke ƙarƙashin gardamar tasu tambaya ce da malamanmu suka yi ɗaruruwan shekaru suna amsa ta: yaushe ne ya halatta ga hukuma ta sa hannu cikin dukiyar mutum, kuma ina iyakarta?

Ga yadda abin yake. Amurka tana da jihohi 50. Ban da harajin da gwamnatin tarayya take karɓa, mafi yawan jihohin suna aza nasu harajin a kan abin da mutum ya samu cikin shekara, ko da yake akwai irin su Fulorida da Teksas waɗanda ba sa karɓar ko anini daga albashin kowa. A shekarar 2012 mutanen Kalifoniya suka jefa ƙuri'a suka amince da ƙarin haraji a kan masu samun fiye da dala 250,000 a shekara, har ya kai wanda samunsa ya haura dala miliyan 1 yana biyan kashi 13.3 cikin 100 a kan abin da ya haura ɗin. An gaya musu cewa na wucin gadi ne, shekara 7 kawai zai yi. Amma tun wa'adin bai cika ba, a 2016, sai aka sake jefa ƙuri'a aka ƙara masa shekara 12, har zuwa 2030. A jihar Massachusetts kuwa, a watan Nuwamba na 2022, kimanin kashi 52 cikin 100 na masu ƙuri'a suka yarda a ɗora kashi 4 a kan kashi 5 na asali, ga duk abin da ya haura dala miliyan 1, aka ce za a kashe kuɗin wajen ilmi da hanyoyin sufuri. A gefe guda, mutanen jihar Illinois, inda birnin Shikago yake, sun ƙi amincewa da irin wannan gyara a 2020, haka nan mutanen Kalifoniya ɗin da kansu sun ƙi wani sabon ƙarin da aka kawo musu a 2022.

Masu goyon baya suna cewa wanda ya fi ƙarfi shi ya kamata ya ɗauki kaya mafi nauyi. Masu adawa suna cewa an mai da mawadata saniyar tatsa, duk gwamnatin da ta yi ɓarna sai ta juyo kansu. To, mene ne ma'aunin da addini ya ba mu?

Alfarmar dukiya

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, dukiya tana da alfarma a Musulunci, kuma alfarmar nan ba ta raguwa don dukiyar ta yi yawa. A cikin Suratun Nisa'i, aya ta 29, Allah ya hana muminai cin dukiyar junansu ta hanyar ɓarna. A Hajjin Bankwana, shekara ta 10 bayan Hijira, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya haɗa jini da dukiya da mutunci a wuri guda, ya bayyana cewa haramcinsu kamar haramcin wannan rana ne da wannan wata da wannan gari. Bai ware dukiyar Usmanu ɗan Affan ko ta Abdurrahman ɗan Aufu ya ce tasu ba ta cikin wannan hukunci ba, alhali kuwa su ne manyan attajiran Madina.

Saboda haka asalin hukunci shi ne, ba a taɓa dukiyar mutum sai da hujja. Yawan hannayen da aka ɗaga kuwa ba hujja ba ne shi kaɗai. In mutum 100 suka zauna, 98 suka yarda a karɓe wani abu daga hannun biyun da suka rage, alhali su 98 ɗin ba za su biya komai ba, lalle wannan ƙuri'a tana bukatar a duba ta da idon basira, domin babu abin da ya fi sauƙi kamar kyauta da kayan wani.

Sa'an nan mu dubi zakka, wadda ita ce haƙƙin da Allah da kansa ya yanka cikin dukiya. A zinariya da azurfa da kuɗi da kayan ciniki, ɗaya bisa arba'in ce, watau kashi 2.5 cikin 100, bayan dukiya ta kai nisabi, dinari 20 ko dirhami 200, kuma shekara ta zagayo mata. A amfanin gona ushiri ne in ruwan sama ya shayar, rabin ushiri in da wahala aka shayar. Wanda yake da dinari 20 da wanda yake da dinari 20,000 ma'auninsu ɗaya ne, sai dai abin da mai yawa zai fitar ya fi yawa. An kuma ƙayyade masu cinta, kashi 8, a cikin Suratut Tauba, aya ta 60, yadda babu sarkin da zai karkatar da ita inda ya ga dama.

Akwai wata hikima cikin sharaɗin zagayowar shekara wadda ta shafi zancenmu. A mazhabar Malikiyya, wanda ya sayar da gidan da yake zaune ciki, ba a karɓar zakka daga kuɗin ranar da ya karɓe su, sai ya fara ƙidayar sabuwar shekara. To, ɗaya daga cikin koke-koken da aka yi a Massachusetts shi ne, mutumin da ya yi shekara 30 yana gina ɗan kamfaninsa, ya sayar da shi don ya huta da tsufansa, a wannan shekara ɗaya tak sai doka ta lissafa shi cikin masu miliyoyi, ta yanki rabonta. Shari'a ta bambanta dukiyar da ta zauna da wadda ta ratsa ta wuce.

Ko lokacin da Annabi ya aiki Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman, bayan ya umurce shi da karɓar zakka daga mawadatansu a mayar wa matalautansu, sai ya gargaɗe shi da ya nisanci zaɓaɓɓun dukiyoyinsu, ya kuma ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta. Mai karatu ya lura: wanda ake tsoron a zalunta a wannan wuri shi ne mai biyan zakka, watau mawadaci. Ashe shi ma ana iya zaluntarsa, kuma addu'arsa ba ta da shamaki.

Harajin zalunci yana da suna a Larabci, shi ne maksu, jam'insa mukusu, asalin kalmar kuwa tauyewa ne. Girman laifinsa ya bayyana a cikin hadisin da Muslim ya ruwaito game da matar nan Bagamidiya, inda Annabi ya nuna girman tubarta da cewa ko mai karɓar maksu ne ya yi irinta da an gafarta masa.

Shin babu wani haƙƙi bayan zakka?

Kada wani attajiri ya karanta abin da ya gabata ya yi murna tun da wuri. Malamai sun tabbatar da cewa akwai lokacin da haƙƙi yake hawa kan dukiya bayan zakka. Ibnu Hazmi na Andalus ya tafi a kan cewa in zakka ba ta ishi matalautan gari ba, wajibi ne mawadatan garin su ɗauki nauyin abincinsu da tufafinsu da matsuguninsu, kuma sarki ya tilasta musu. An ruwaito daga Imamu Malik cewa wajibi ne jama'a su fanso fursunoninsu daga hannun abokan gaba ko da hakan zai cinye dukiyarsu. Imamul Haramaini da almajirinsa Gazali, da Shaɗibi Bamalike wanda ya rasu a 790 Hijiriyya, duk sun halatta wa shugaba ya aza wa mawadata abin da zai toshe bukatar rundunar da ke tsaron ƙasa. Irin wannan shi ake kira nawa'ibu, jam'in na'iba, watau abin da ya afko wa mutane ba zato. Malaman wannan zamani, irin su Shaihu Yusuf Alƙardawi a littafinsa na fiƙihun zakka, sun faɗaɗa bukatar har ta haɗa da makarantu da asibitoci da hanyoyi.

Amma duk wanda ya halatta, da sharaɗi ya halatta. In aka tattara maganganunsu, sharuɗɗan su ne: bukatar ta zama ta gaske, ta jama'a baki ɗaya; baitulmali ya zama ba shi da abin da zai toshe ta; mai karɓa ya zama adali, ya kashe kuɗin inda aka ce; a karɓi gwargwadon bukata, a kuma daina in ta gushe; a raba nauyin gwargwadon ikon kowa, ba da son zuciya ba.

Tarihi ya ajiye mana misali biyu na yadda malamai suka tsaya a kan waɗannan sharuɗɗa. Bayan Tatar sun rushe Bagadaza a 1258, suka doshi Sham da Masar, Sarki Saifuddini Ƙuɗuz ya tara malamai yana neman fatawar karɓar kuɗi daga jama'a don shirin yaƙi. Babu larurar da ta fi wannan, ga abokin gaba a bakin ƙofa. Duk da haka Shaihu Izzuddini ɗan Abdussalami ya ce ba za a taɓa dukiyar talakawa da 'yan kasuwa ba sai baitulmali ya ƙare, sai kuma sarakunan yaƙi sun sayar da ɗamarunsu na zinariya da kayan alatunsu, kowannensu ya rage daga shi sai dokinsa da makaminsa. Aka yi haka, sa'an nan aka karɓi abin da ya rage daga jama'a, Allah kuma ya ba su nasara a Ainu Jaluta cikin Ramadan na 658 Hijiriyya, daidai da 1260. Da Zahiru Baibaras ya hau mulki bayan yaƙin, sai ya soke waɗannan haraje-haraje.

Misali na biyu ya faru da Baibaras ɗin da kansa. Masu tarihi sun ba da labarin cewa bayan shekaru ya nemi malaman Sham su sa hannu a kan irin wannan fatawa, Imamun Nawawi ya ƙi. Dalilinsa shi ne, sarki yana da bayi masu ɗamarun zinariya da kuyangi masu kayan ado, in ya sayar da waɗannan duka bai isa ba, to sai a zo ga dukiyar jama'a. Sarki ya husata ya ce ya bar Dimashƙa, ya kuwa fita ya koma garinsu Nawa. Bukatar iri ɗaya ce, amma da sharaɗi ya faɗi sai fatawa ta faɗi.

Mu auna da wannan ma'auni

In muka ɗora al'amarin jihohin Amurka a kan wannan sikeli, wurin da ya fi rauni shi ne wa'adi. Abin da aka karɓa da sunan larurar shekara 7 ya zama na shekara 19. Dalili kuwa a fili yake: gwamnati in ta saba da kuɗi sai ta ɗinka rigar da ta yi daidai da su, ranar da aka ce ta tuɓe sai ta ce ai tsirara za a bar ta. Da haka larura take rikiɗewa ta zama al'ada.

Wuri na biyu shi ne hatsarin jingina baitulmali a kan mutane ƙalilan. A Kalifoniya, kashi 1 cikin 100 na masu biya su ne suke kawo kusan rabin harajin samu a wasu shekaru, kuma yawancin samunsu yana bin hawa da saukar kasuwar hannun jari. A 2022 jihar ta ba da sanarwar rarar kuɗi ta dala biliyan 97.5, shekara ɗaya bayan haka sai ga ta da giɓin sama da dala biliyan 30. In giɓi ya zo, ayyukan da matalauci ya dogara da su suna cikin abin da ake fara dubawa don a rage. Ibnu Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya riga ya yi bayani a Muƙaddimarsa cewa dauloli suna farawa da haraji kaɗan da kuɗin shiga mai yawa, su ƙare da haraji mai nauyi da kuɗin shiga kaɗan, domin nauyin yana kashe zuciyar masu nema. Har shugaban Amurka Ronald Reagan ya kafa hujja da wannan magana tasa a 1981.

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi abin da ke ɗaya gefen. Masu adawa sukan ce da zarar an ƙara haraji attajirai za su kwashe kayansu su koma Fulorida. Binciken da Cristobal Young da abokan aikinsa suka buga a 2016 ya nuna cewa masu ƙaura saboda haraji kaɗan ne, domin kasuwancin mutum da iyalinsa sukan ɗaure shi a inda yake. Massachusetts ma ta tara sama da dala biliyan 2 daga ƙarin nan a shekararsa ta farko ta cikakken kasafi, fiye da yadda aka zata. Saboda haka hujjarmu ba a kan gudun attajirai ta tsaya ba. Ko da ba wanda zai gudu, tambayar Nawawi tana nan daram: shin mai karɓa ya fara da kansa? Rashin iya gudun wanda ake tatsa ba ya halatta tatsar.

Abin da ya shafe mu

A nan Nijeriya, hukumomin tara kuɗi na jihohi ne suke karɓar harajin samun mutane, ko da yake dokar tarayya ce take yanka shi. Dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2025, wadda aka tsara ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026, ta yafe haraji a kan naira 800,000 na farko a shekara, ta kuma kai ma'auni mafi girma zuwa kashi 25 cikin 100 a kan abin da ya haura naira miliyan 50, maimakon kashi 24 na tsohuwar doka. An kuma soke babban rangwamen da ake yi a da, don haka ƙarin da ke kan masu babban samu ya fi yadda yake a ido. Sauƙaƙa wa mai ƙaramin ƙarfi abin yabo ne ƙwarai, ya kuma dace da hikimar nisabi. Amma abin da ya hau kan na sama, shi ma sai an auna shi da sharuɗɗan nan.

Mu kuwa ba baƙi ba ne ga wannan magana. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa jangali da kuɗin gari da gaisuwa cikin zaluncin sarakunan zamaninsa. A 1979 gwamnatocin Kano da Kaduna, ƙarƙashin Abubakar Rimi da Balarabe Musa, suka soke haraji da jangali, talakawa suka yi ta murna. Ma'aunin da ya sa muka ƙi a zalunci makiyayi a kan shanunsa, shi ne dai zai sa mu ƙi a zalunci ɗan kasuwar Kantin Kwari a kan ribarsa. Wanda ya yarda a karya ƙa'ida a kan maƙwabcinsa don yana da ƙiba, ya sani ƙa'idar da aka karya ba ta san mai ƙiba da ramamme ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka muna kira ga masu mulki: kafin ku nemi ƙari, ku nuna wa jama'a inda na jiya ya shiga. Ku rage jerin motoci da tafiye-tafiye da gine-ginen alfahari. A shekarar yunwa ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umaru ya haramta wa kansa nama da man shanu, ya koma cin gurasa da man zaitun har launinsa ya sauya, ya nemi agajin abinci daga lardin Sham, ya kuma jinkirta karɓar zakka a wannan shekara. Shi ne kuma ya raba dukiyar wasu gwamnoninsa biyu, ya mai da rabi baitulmali, da ya ga ta ƙaru a lokacin mulkinsu. Shugaban da ya yi haka, in ya nemi taimako ba zai sha wuya ba.

Ku kuma mawadata, kada ku ɗauki wannan magana garkuwar rowa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Da kuna fitar da zakka yadda Allah ya ce, kuna kai ta ga masu ita ko ga hukumomin zakka da aka kafa a jihohi irin su Zamfara da Kano da Sakkwato, da ƙiyayyar da ake hura wa a kanku ba ta sami itacen ci ba. Usmanu ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa jama'a, ya kuma shirya rundunar Tabuka da dukiyarsa, ba wanda ya aika masa da takardar haraji. Ku sani kuma, a wurin mafi yawan malamai haraji ba ya ɗauke zakka, domin ita ibada ce mai niyya da masu cinta sanannu. Haka nan rashin yarda da ƙarin haraji bai ba kowa izinin ƙarya a takarda ko ba da cin hanci ba. Wanda yake ganin an zalunce shi, ga majalisa, ga kotu, ga alƙalami, ga ƙuri'a.

Ku kuma talakawa 'yan'uwana, ku nemi haƙƙinku da ƙarfi, amma ku tsarkake zukatanku daga hassada, domin ita ba ta taɓa cika tukunyar kowa ba. In an ce za a karɓo muku daga hannun masu kuɗi, ku tambaya: nawa za a karɓa, har zuwa yaushe, wa zai riƙe, wa kuma zai bincike shi?

Allah ya ba shugabanninmu tsoronsa da tausayin talakawansu, ya ba mawadatanmu hannun bayarwa, ya wadata matalautanmu daga falalarsa, ya tsare mu daga cin haram da ciyar da shi ga iyalanmu. Allah shi ne mafi sani. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.